Wai wa ke raɗa wa duwatsun sararin samaniya suna?

Abu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ɗiyata ta ɗaure ni da jijiyar wuya. Ta ga hoton wani dutse na sararin samaniya ana ce masa Apophis, ta ce, "Baba, wa ya sa masa wannan suna, kuma me yake nufi?" Na ce mata NASA ce, don dai in kashe maganar. Da dare na zauna ina bin sunayen sauran, sai ga Ceres, ga Pallas, ga Juno, ga Vesta, ga Eros, ga Apollo, kusan duk gumakan Girkawa da Romawa. Tambayata biyu ce. Wa ke da ikon raɗin sunan? Sannan me ya sa mutanen da ke tinƙaho da kimiyya suka rasa sunan da za su ba dutse sai na gunki? Ni a ganina har gobe babu komai a can sama sai tatsuniyar Turawa. Masana ku warware mana.

Gamzaki: Wa alaikumus salam Malam. Da farko ka je ka ba yarinya haƙuri, don ba NASA ba ce. Akwai Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IAU, an kafa ta tun 1919, hedikwatarta tana Faris. Wani kwamitinta ne ke duba kowane suna ya amince ko ya ƙi. Wanda ya gano dutsen shi ke kawo shawarar suna, su kuma su sa hannu.

Sarkin_Gardama: To ai duk kanwar ja ce. Turawa ne dai.

Gamzaki: Ka bari mu bi abin daga tushe, Sarki, kafin ka buɗe kasuwarka.

Malam_Falaki: Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni. Amsar tambaya ta biyu tana cikin labarin dutse na farko.

A ƙarshen ƙarni na 18 masana sun lura akwai wani wagegen fili tsakanin Mars da Jupita, lissafinsu kuma yana nuna ya kamata a ce akwai wata duniya a wurin. A 1800 wasu daga cikinsu suka haɗu a Jamus suka raba sararin sama gida 24, kowa ya tsare nasa yanki, har ana yi musu laƙabi da 'yan sandan sama. Sai ga shi wanda ya riga su ba ma ya cikin farautar tukuna. Wani limamin coci ne a birnin Palermo na tsibirin Sisili, Giuseppe Piazzi, yana aikin lissafa taurari, sai a daren 1 ga Janairu 1801 ya ga wani ɗigon haske da ke sauya wuri daga dare zuwa dare. Ya bi shi kimanin kwana arba'in, rashin lafiya ta kwantar da shi, hasken rana kuma ya rufe abin ya ɓace. Wani saurayi ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, shi ya zauna da ɗan abin da Piazzi ya rubuta ya lissafa inda za a sake ganinsa, aka duba a ƙarshen shekarar aka same shi a wurin.

Abin lura shi ne, Piazzi da mutanensa ba su ɗauka dutse suka gano ba. Sun ɗauka duniya ce sabuwa. Sauran duniyoyin kuwa tun zamanin Romawa suna ɗauke da sunayen abubuwan bautarsu, Mars na yaƙi, Jupita babbansu, da sauransu. Don haka ya bi layi ya sa mata Ceres, wadda Romawa suka ɗauka a matsayin uwar noma da hatsi, kuma tsibirin Sisili ne cibiyar bautarta tun dā can. Ka ga ya jefi tsuntsu biyu, ya bi al'ada kuma ya ɗaga sunan ƙasarsa.

Maman_Ilham: Malam_Falaki Allah ya ƙara basira. Ni abin da ya ba ni mamaki a ranar sabuwar shekara kowa na shagali shi yana kan rufi yana ƙirga taurari.

Tsohon_Malamin_Tarihi: Tsuntsu uku ya so jifa, Malam_Falaki, ka manta ɗaya. Cikakken sunan da ya sa shi ne Cerere Ferdinandea, don ya faranta wa Sarki Ferdinand mai mulkin Sisili rai. Masanan sauran ƙasashe suka ce ba da su ba, suka guntule wutsiyar suka bar Ceres. Kuma ba shi ya fara wannan fadanci ba. William Herschel da ya gano Uranus a 1781, sunan Sarki George na III na Ingila ya liƙa mata, sai daga baya aka ture. Aka sake yi a 1849, Annibale de Gasparis ya gano dutse na goma a birnin Naples aka kira shi Igea Borbonica don girmama gidan sarautar Bourbon. Nan ma aka yanke wutsiya, ya zama Hygiea, sunan wadda Girkawa ke danganta wa lafiya.

Ni abin da na fahimta ke nan, Abu_Hanan. Sunayen tatsuniya ba don bauta aka riƙe su ba. An riƙe su ne don su ne kaɗai Bafaranshe da Bajamushe da Bature ɗan Ingila za su yarda da su ba tare da an yi rigima ba. Gunkin da ya mutu shekara dubu da ɗoriya ba ya cikin siyasar kowa, amma sarkin da ke kan gado yana da maƙiya.

Sarkin_Gardama: Baba, wannan bayani ya yi daɗi a kunne amma ban saya ba. In don gudun rigima ne ai lamba ta isa. Dutse na ɗaya, dutse na biyu, shi ke nan.

Gamzaki: Ai suna da lamba. 1 Ceres, 2 Pallas, 3 Juno, 4 Vesta. Kuma mafi yawansu lambar kaɗai gare su. An gano fiye da miliyan ɗaya, waɗanda ke da suna ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba.

Ɗalibar_Kemistiri: Ku ba ni wuri in sa baki da ɓangarenmu. Waɗannan sunaye sun sauko har cikin ɗakin gwaje-gwaje. Sinadarin cerium da aka gano a 1803 daga Ceres aka samo sunansa, palladium kuma daga Pallas, wanda Heinrich Olbers ya gano a 1802. Lokacin labarinsu ne ke tashe. Na yi shekara biyu ina haddace jadawalin sinadarai ban san haka ba, sai wani malaminmu ya faɗa a wucewa.

Malam_Falaki: Haka ne 'yata. Olbers ɗin likita ne a birnin Bremen, da rana yana duba marasa lafiya, da dare yana duba sama. Shi ne kuma ya gano Vesta a 1807, ya ba Gauss damar zaɓar suna don yaba masa, Gauss ya zaɓi Vesta, wadda Romawa ke danganta wa murhu da wutar gida. Tsakaninsu Karl Harding ya gano Juno a 1804. Daga nan shiru, shekara 38 ba a ƙara ganin ko ɗaya ba, har littattafan makaranta suna lissafa huɗun nan cikin duniyoyi, kowace da tambarinta. Na Ceres lauje ne. Sai a 1845 wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Karl Hencke, ya gano Astraea bayan ya shafe shekara goma sha biyar yana nema. Bayansa abin ya ɓalle kamar an fasa rumbu, aka ga tambari ba zai ishe su ba, aka koma lamba.

Uwar_Biyu: Tsaya, ni wani abu na lura da shi. Ceres, Pallas, Juno, Vesta, Astraea, Hygiea. Duk mata ne ko idona ne?

Tsohon_Malamin_Tarihi: Ba idonki ba ne Hajiya. Kusan ƙarni guda al'adar ke nan, sai sunan mace. Har ta kai in za a girmama namiji sai an ɗaura wa sunansa zane. Alexander von Humboldt ya zama 54 Alexandra. Shi kansa Piazzi da aka zo dutse na 1000 aka ba shi, sai aka ce Piazzia, na 1001 Gaussia, na 1002 Olbersia.

Uwar_Biyu: Ikon Allah. Mata ba sa shiga jami'o'insu a lokacin amma sun cika musu sama.

Sarkin_Gardama: Ato.

Bature_Baƙi: Rigimar da ta fi ba ni dariya ita ce ta 12 Victoria. A 1850 John Russell Hind ya gano shi a Landan ya sa masa Victoria, lokacin kuwa Sarauniya Victoria na kan gado. Masanan Amurka suka ce a'a, wannan fadanci ne aka shigo da shi ta bayan gida. Hind ya ce shi fa Victoria ta Romawa yake nufi, mai nasara a yaƙi. Editan wata mujallar falaki a Amurka, Benjamin Gould, ya ƙi sunan ya riƙa rubuta Clio a madadinsa. A ƙarshe Victoria ta zauna, tunda ba wanda zai iya cewa babu ita a tatsuniya. Mutumin ya san abin da ya taka.

Abu_Hanan: Na gode ƙwarai, ina bi a hankali. Amma har yanzu duk misalan da kuke kawowa suna gaskata ni ne. Girka, Rum, sarakunan Turai.

Gamzaki: Malam, ai muna 1850 ne tukuna. Bayan shekara biyu aka fara fita daga tatsuniya da 20 Massalia, tsohon sunan birnin Marseille. A 1857 aka sa 45 Eugenia don matar Napoleon na III, ba ɓoye-ɓoye. Da aka fara gano su da hoto a 1891 kuwa, sai sunaye suka ƙare. Na farkon da Max Wolf ya gano ta wannan hanya, 323 Brucia, sunan wata attajira Ba'amurkiya ne, Catherine Bruce, wadda ta biya kuɗin madubin hangen nesa. Wolf ɗin nan har karnukansa ya sa, 482 Petrina da 483 Seppina.

Maman_Ilham: Kare? Subhanallahi.

Bature_Baƙi: Har da mage, Hajiya. Lamba 2309 sunansa Mr. Spock, kuma magen wanda ya gano shi ce ke da sunan. Surutun da ya biyo baya ne ya sa IAU ta ce ba ta son a riƙa kawo sunan dabbobin gida.

Alhaji_Mai_Lissafi: Ni tambayata ta 'yan kasuwa ce. Ana saye? Shekarun baya na ga wani kamfani a intanet yana cewa zai sa wa tauraro sunan wanda kake so. Na biya, aka turo mini takarda mai zanen zinare da sunan uwargida, na buga na sa a firam na kai mata. Ta yi murna sosai. Sai da ƙanena mai karatun fiziks ya zo ya gani ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Takardar na nan a bango, ban dai gaya mata ba.

Gamzaki: Alhaji sai haƙuri, an sha da kai. Babu wani masanin da zai kira tauraron da wannan suna, a littafin kamfanin kaɗai yake. IAU ba ta sayar da suna.

Tsohon_Malamin_Tarihi: Amma an taɓa sayarwa, Alhaji, ka makara ne da shekara ɗari da arba'in. Johann Palisa na birnin Vienna, wanda ya gano duwatsu sama da 120 da idonsa ta madubi, ya taɓa tallata damar raɗin suna a kan fam 50 a 1885 don ya tara kuɗin tafiya kallon husufin rana. Attajirin nan Albert von Rothschild ya samu damar, dutse na 250 ya zama Bettina, sunan matarsa. Ka ga niyyarku ɗaya da shi, sai dai shi tasa takardar ta gaske ce.

Alhaji_Mai_Lissafi: Baba ka ƙara mini ciwo.

Ustaz_Abu_Maryam: Ina so in koma kan damuwar mai tambaya, don na ga kamar akwai abin da ke ransa da bai faɗa ba, wato ko ambaton waɗannan sunaye yana da matsala. Ni ba fatawa zan bayar ba, tunatarwa ce kawai. Watan Janairu daga Janus yake, mai fuska biyu na Romawa. Maris daga Mars. Muna rubuta su kullum a takardu ba tare da wani ya ƙudurce komai game da su ba, sun zama alamar gane abu kawai. Dutsen halitta ce daga halittun Allah, yana tafiya bisa ƙa'idar da aka ɗora shi, bai san ma an ce masa Juno ba. Inda za a yi hattara shi ne masu duba da ke cewa wai Juno na nuna wanda za ka aura, Ceres na nuna arzikinka. Wannan kam shirme ne, kuma ba ruwan masana falaki da shi.

Abu_Hanan: Jazakallahu khairan Ustaz. Gaskiya akwai wannan a raina. Amma babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin wakilci. Sama ta kowa ce.

Dr_Zainab_K: To bari in kawo maka waɗanda za su sanyaya maka rai, Malam. 2755 Avicenna, wato Ibn Sina. 8318 Averroes, Ibn Rushd. 9936 Al-Biruni. 11156 Al-Khwarismi, mai aljabara. 12621 Alsufi, wanda ya rubuta littafin taurari a ƙarni na 10. 59239 Alhazen, wato Ibn al-Haytham masanin haske da gani. 3095 Omarkhayyam. Akwai 1193 Africa, akwai 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1432 Ethiopia. Na baya-bayan nan akwai 35462 Maramkaire, don masanin falakin nan ɗan Senegal, Maram Kaire.

Sarkin_Gardama: Dakta, duba yadda aka rubuta su. Avicenna, Averroes, Alhazen. Ko da za a girmama mutum sai da sunan da Bature ya lanƙwasa. Kuma Kenya da Uganda ɗin wa ya sa? Ba Bature ba ne a Johannesburg lokacin mulkin mallaka?

Dr_Zainab_K: Eh, Cyril Jackson ne, a shekarun 1930. Ban musa ba. Amma ƙa'idar ba ta ce sai Bature ba, cewa ta yi wanda ya gano. Mai madubi shi ke da raɗin suna. In muna son sunayenmu a can sai mu sayi madubi mu hana idonmu barci kamar yadda Hencke ya yi shekara goma sha biyar.

Sarkin_Gardama: Da wane kuɗin?

Dr_Zainab_K: Wannan kuma wata muhawarar ce, ka buɗe mata nata zaren.

Yaro_Mai_Tambaya: Don Allah ku yi haƙuri, ni sabo ne. Wannan Apophis da ɗiyar Malam ta tambaya ba wanda ya amsa. Kuma na ji an ce shi ne zai faɗo mana a 2029, gaskiya ne?

Malam_Falaki: Ka kyauta da ka dawo da mu, ɗana. Ba zai faɗo ba. Ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029 zai wuce kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa, ƙasa da inda wasu taurarin ɗan'adam na sadarwa suke, har za a iya ganinsa da ido a Afirka da Turai. Faɗinsa kimanin mita 340. Da aka gano shi a 2004 ya tayar da hankali na ɗan lokaci, amma a 2021 aka auna shi da na'urar rada aka tabbatar babu haɗari aƙalla shekara ɗari.

Sunan kuwa, Abu_Hanan, ka gaya wa ɗiyarka ba na Girkawa ba ne asalinsa, na Misirawan dā ne. Apep suke ce masa, Girkawa suka mayar Apophis. A tatsuniyarsu wani ƙaton maciji ne na duhu da hargitsi, kullum dare yana tare jirgin Ra, wato rana, yana neman haɗiye shi, kullum kuma ana cin galabarsa gari ya waye. Ba a banza aka je Masar ba. Yana cikin rukunin da ake kira Aten, waɗanda yawancin zagayensu ke cikin da'irar duniyarmu ta wajen rana. Na farkonsu Eleanor Helin ta gano shi a 1976 aka sa masa Aten, faifan ranar da Fir'auna Akhenaten ya bauta wa, sai sunayen Masar suka yi yawa a rukunin. Ita ce kuma ta gano wani a Satumban 1978 lokacin da Masar da Isra'ila ke zaman sulhu a Camp David, aka haɗa masa suna Ra-Shalom.

Gamzaki: Wannan ne abin da ke burge ni, sunan kan gaya maka halin dutsen. Tun bayan 433 Eros a 1898, wanda aka ga ya baro ayari yana kusanto mu, sai aka saba ba masu bauɗaɗɗiyar hanya sunan maza. 1566 Icarus yana matsawa kusa da rana fiye da Makyuri, shi ya sa aka ba shi sunan yaron da ya tashi da fukafukan da aka liƙa da kakin zuma, ya ƙi jin maganar ubansa ya kusanci rana suka narke. 3200 Phaethon ma haka, ɗan da ya karɓi keken rana na ubansa ya kasa riƙe dawakan. Daga ƙurarsa ake samun ruwan taurari masu wutsiya na tsakiyar Disamba.

Maman_Ilham: Duk yara marasa jin magana ke nan.

Bature_Baƙi: Ba wanda ya taɓo 'yan leƙen asiri? To ku saurara. Akwai tarin duwatsu kashi biyu da ke bin hanyar Jupita, kashi ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa. Na farko Max Wolf ya gano shi a 1906 aka ce Achilles, jarumin Girkawa a yaƙin Troy. Sai aka tsara cewa na gaba sansanin Girkawa ne, na baya sansanin mutanen Troy. Matsalar ita ce kafin a tsayar da tsarin an riga an raɗa wa biyu suna. 617 Patroclus, aminin Achilles, ya tsinci kansa a sansanin Troy. 624 Hektor, yariman Troy, ya tsinci kansa a tsakiyar Girkawa. A labarin kuwa Hektor ne ya kashe Patroclus, Achilles ya rama ya kashe Hektor. Ga shi yanzu an ajiye Hektor gefe ɗaya da wanda ya kashe shi har abada. Masana na kiransu 'yan leƙen asiri.

Uwar_Biyu: Kai, wannan zan ba yarana yau da dare.

Dr_Zainab_K: Kuma sunayen yaƙin sun kusa ƙarewa, don duwatsun sun fi mayaƙan yawa. Yanzu an yarda a ba ƙananansu sunan 'yan wasan Olamfik. Ɗan watan da ke zagaya Eurybates, ɗaya daga cikin duwatsun, sunansa Queta, don Enriqueta Basilio ta Meziko, mace ta farko da ta kunna wutar gasar a 1968. Kumbon da ke kan hanyar zuwa wurinsu, Lucy, an harba shi a 2021, sunan ƙasusuwan nan na wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da aka tono a Habasha a 1974 ne. A hanya ya wuce wani ɗan dutse a Nuwamban 2023 mai suna Dinkinesh, sunan da Habashawa ke kiran ƙasusuwan da Amharik, ma'anarsa ke abar mamaki ce. Aka tarar yana da ɗan wata, aka ce masa Selam. Sarki, wannan ma Bature ne ya lanƙwasa?

Sarkin_Gardama: Ɗaya cikin dubu.

Ɗalibar_Kemistiri: Japan fa? Ryugu sunan fadar dodon ruwa ne a ƙarƙashin teku, inda wani masunci ya je a tatsuniyarsu ya dawo da akwati a rufe. Kumbonsu Hayabusa2 ya je ya dawo da ƙasar dutsen a cikin akwati a rufe a Disamban 2020. Sunan ya hau kamar an auna. Bennu kuma, wanda aka kawo ƙasarsa a Satumban 2023, wani yaro ɗan shekara tara ne ya ci gasar raɗa masa suna a 2013. Tsuntsu ne mai kama da zalɓe a tatsuniyar Masar, yaron ya ce kumbon da za a tura wurinsa, da dogon hannunsa da faifan hasken rana, ya yi masa kama da shi.

Yaro_Mai_Tambaya: To kafin a ba shi suna me ake ce masa? Na ga wasu kamar lambar mota.

Gamzaki: Bennu da can 1999 RQ36 ne, Apophis kuma 2004 MN4. Shekarar ganowa ce a gaba, harafin farko yana nuna rabin watan da aka gan shi. Harafin A shi ne rabin farko na Janairu, B rabi na biyu, haka har ƙarshe, ana tsallake I. Ka ga M rabin Yuni na biyu ke nan, R kuma rabin farko na Satumba. Wata cibiya a Cambridge ta jihar Massachusetts ke ba da wannan. Sai an bi dutsen an tabbatar da hanyarsa sannan a ba shi lamba ta dindindin, daga nan wanda ya gano yana da shekara goma ya kawo suna. Kada ya wuce harafi 16, ya furtu a baki, ba zagi, ba talla. Ɗan siyasa ko soja kuwa sai ya shekara ɗari da mutuwa.

Alhaji_Mai_Lissafi: Wannan doka ta ƙarshe wanda ya kawo ta Allah ya yi masa albarka. Da yanzu sama ta cika da fosta.

Tsohon_Malamin_Tarihi: Ka ga ke nan maganata ta farko ce ta dawo, wutsiyar Ferdinand ce aka mayar doka. Amma masana ma sun iya zagaye. Wani Bajamushe mai lissafin hanyoyin duwatsun, Gustav Stracke, ya roƙi kada a sa wa ko ɗaya sunansa. Karl Reinmuth ya ce to. Sai ya ɗauki takwas a jere, daga 1227 zuwa 1234, ya ba su Geranium, Scabiosa, Tilia, Riceia, Auricula, Cortusa, Kobresia, Elyna, yawancinsu sunayen tsirrai. Ku haɗa haruffan farko ku gani.

Uwar_Biyu: G STRACKE! Amma wannan mutum ɗan duniya ne.

Malam_Falaki: Wani abu da ya shafi ƙorafin Abu_Hanan kai tsaye. Can bayan Neftun an tsara a riƙa ba da sunayen tatsuniyoyin halitta na kowace al'umma. Makemake na mutanen tsibirin Rapa Nui ne, Haumea ta Hawai, Sedna ta Inuit mazauna ƙanƙara, Gonggong na Sin. Akwai wanda aka ɗauko daga mutanen Ju'hoan na Namibiya, mai haruffan ƙyas-ƙyas ɗin harshensu, ni kaina ba zan iya furta shi ba. A kan Ceres ma, da kumbon Dawn ya isa a 2015, ramukanta an ba su sunayen abubuwan bautar noma na duniya duka. Akwai Yalode daga Dahomey, akwai Dantu daga mutanen Ga na Gana. A kan Bennu akwai wani ƙaton dutse da ake kira Roc, tsuntsun nan Rukh na labaran Larabawa.

Sarkin_Gardama: Malam, girmanka ne, amma ka duba. Manyan da kowa ya sani, na ɗaya zuwa na ɗari, an riga an rabe. Mu sai rami a bayan Ceres.

Dr_Zainab_K: Ramin Yalode ya fi kilomita 250 faɗi. Ba ƙaramin rami ba ne.

Sarkin_Gardama: Rami dai rami ne.

Abu_Hanan: Na karanta duka har sau biyu. Na janye cewa babu komai sai tatsuniyar Turawa, wannan kam an kayar da ni. Amma ina tare da Sarki rabi, don wanda ya riga ka zuwa rijiya shi ya ɗebi ruwa mai kyau. Na ba Hanan labarin macijin da ke son haɗiye rana, ta ce to me ya sa aka ba dutsen sunan mugu alhali ba zai taɓa mu ba, ai an zalunce shi. Na rasa amsa. Sannan ta lissafa ta ce a 2029 tana da shekara goma sha huɗu, tana so in saya mata madubi kafin lokacin.

Gamzaki: Apophis ba ya buƙatar madubi, Malam, amma ka saya mata ƙaramin na hannu mai ido biyu. Da shi na fara ganin Vesta, ita ce ta fi sauran haske. Ɗigo ne kawai, sai ka zana wurin taurarin a takarda ka dawo bayan kwana biyu ka ga wanne ya gusa, yadda Piazzi ya yi.

Yaro_Mai_Tambaya: Wai in na gano nawa, zan iya sa masa sunan mahaifiyata?

Malam_Falaki: Za ka iya, in ba a riga ka ba. Harafi nawa ne sunan?